Lafiya Lau ta Kofur Harisu

Ranar da aka bugo waya aka ce kwamitin likitocin da ke duba tsoffin sojoji zai zauna a Daura, Zinariya tana tsakar gida tana tankaɗe. Ta yar da rariyar, ta kama hanci, ta rangaɗa guɗa har kajin gidan suka watse. Matan maƙwabta suka leƙo ta kan katanga suna tambayar wa ya haihu. Ta ce ba wanda ya haihu, maigidanta ne za a sake dubawa, kuma wannan karon da yardar Allah za a tabbatar ba shi da lafiya. Matan suka dubi juna. A duk faɗin garin Babban Mutum ba a taɓa jin matar da ta yi guɗa don za a ce mijinta ba shi da lafiya ba, amma duk wanda ya san gidan Kofur Harisu ba zai ga laifinta ba.

Harisu ya yi aikin soja a arewa maso gabas, har ranar da motarsu ta taka bam ɗin da aka binne a hanya. Cikin waɗanda ke tare da shi wasu sun bar ƙafa a wurin, wasu sun bar rai. Shi kuwa aka ɗauko shi da hannuwansa biyu da ƙafafunsa biyu, sai ɗan jini a kunne, ya yi kwanaki a asibiti bai san inda kansa yake ba. Da ya warke, ko kuma da aka ce ya warke, sai aka lura in an ba shi umarni zai sara, ya juya, ya tsaya yana tunanin me aka ce. Aka sallame shi ya dawo gida, jama'a suka yi ta zuwa barka, kowa na cewa ai ko ƙwarzane babu.

Zinariya ce ta san abin da aka dawo mata da shi. Mutum ne da zai fita sayen gishiri ya dawo da igiyar ɗaure akuya, alhali ba su da akuya. In aka tayar da injin markaɗe a bayan gida sai ya durƙushe ya riƙe kunnuwa. Ciwon kai in ya taso masa, ya shige ɗaki ya toshe taga da bargo, ya wuni ba ya son ko motsin cokali. Yana tsakiyar magana kalma za ta kuɓuce masa, ya miƙa hannu yana lalube a iska, in bai kamo ta ba sai ya fashe da dariya. Dariyar nan ita ce ta cuce su. Allah ya yi wa Harisu dariya mai daɗi, irin wadda in ya fara kai ma sai ka kama, kuma ba wanda ke yarda cewa mai irin wannan dariya yana da ciwo.

Akwai haƙƙin da ake ba sojan da ya nakasa a bakin aiki: ƙari a kan fansho, da katin karɓar magani. Katin shi ne a ran Zinariya, don ƙwayar da ke kwantar masa da kai wani watan ta samu, wani watan ta gagara, kuma watan da ta gagara gidan ba ya zaunuwa. Sai dai kafin a ba da komai, dole likitoci su rubuta cewa ciwon yana nan. Bara sun je. Likita ya ce yaya jiki, Harisu ya ce lafiya lau, alhamdulillahi. Ciwon kai fa? Da sauƙi. Barci? Sai godiya. Mantuwa? Ai kowa yana mantuwa, ranka ya daɗe. To me bawan Allah zai rubuta? Ya rubuta abin da aka gaya masa, suka dawo gida da lafiya lau ɗinsu a cikin ambulan. Zinariya ta yi ta safa da marwa har aka yarda a sake dubawa, aka kuma gaya mata a fili cewa wannan zaman shi ne na ƙarshe. Abin da kwamiti ya rubuta a Daura, a kansa za a rufe fayil.

Shi ya sa tana gama guɗa ta aika a kira mata Nagoggo. Taubashin Harisu ne, ɗan kawunsa, mai jigilar kaya a babur tsakanin Mai'adua da Kongolam, wanda tun suna yara ba shi da sana'ar da ta wuce tsokanar Harisu. Ta ce masa aiki za ta ba shi, likita zai zama, har sai ɗan'uwansa ya koyi cewa ba lafiya. Nagoggo ya ce irin wannan aiki ko kyauta ne zai yi. Da la'asar sai ga shi cikin farin kaftaninsa na Juma'a, ya aro tabarau wurin mai gyaran rediyo, ya rataya wayar caja a wuya a madadin abin awon likita. Ya zauna a kujerar roba, ya ɗora faifai a cinya a madadin tebur, ya yi gyaran murya.

"Kofur Harisu, yaya jiki?"

"Lafiya lau," in ji Harisu.

Zinariya ta ɗora hannu a ka. Aka sake. Wannan karon ya dage, ya cije leɓe, ya dubi matarsa, ya dubi tabarau, ya buɗe baki da niyya mai kyau, sai da sauƙi ta fito. Nagoggo ya faɗo daga kujera don dariya, faifai ya gangara bakin rijiya. Harisu ma yana dariyar, har yana share hawaye, ya ce su yi masa adalci: mutum yana numfashi, yana ci yana sha, a gaishe shi ya ce ba lafiya? In Allah ya ji shi fa?

"Allah ya san kanka yana ciwo, Baban Yelwa," in ji Zinariya. "Likita ne bai sani ba."

Har wurin Malam Nu'uman, limamin unguwa, suka kai shi, don ya ji daga bakin mai ilimi. Malam ya yi bayani mai gamsarwa cewa gaya wa likita inda ke ciwo ba butulci ba ne, neman magani ne. Yana zaune ne kuwa ƙafarsa ta kumbura suntum, an shafe ta da magani an naɗe da tsumma. Da za su tashi Harisu ya ce Malam yaya ƙafar, Malam ya ce lafiya lau. A hanya Harisu ya yi ta kallon Zinariya yana murmushi kamar wanda ya ci shari'a.

Duk wannan wasan kwaikwayo ana yin sa ne a gaban 'yarsu, wadda ita kaɗai Allah ya ba su zuwa yanzu. Kowa Yelwa yake ce mata, don shekarar da aka haife ta gero ya yi kyau har rumbuna suka kasa ɗauka. Tana da sunan yanka, ba shakka, dogon suna na Larabci mai cika baki, wanda Harisu da kansa ya zaɓa. Zinariya ba ta taɓa furta shi ba, kuma ba ta da niyya. 'Yar fari ce, uwa mai kunya ba ta kama sunan 'yar fari. Uba ma haka ya kamata, amma Harisun wancan lokacin soja ne, kunya ba ta dame shi ba. In ya zo hutu tun daga zaure yake kwaɗa sunan, yana ja yana rerawa, a gaban manya, har goggonninsa su rufe fuska da mayafi su ce bariki ta lalata yaro.

To tun da ya dawo bai sake ba. Ke yarinya yake cewa. Tsofaffin gidan suka ji daɗi, suka ce Harisu ya yi hankali. Nagoggo ya ce abin da iyaye suka kasa koya masa bam ya koya masa cikin ƙiftawar ido. Zinariya ma, in za ta faɗi gaskiya, tana alfahari da wannan. Cikin duk abin da ya sauya a mijinta shi ne kaɗai take iya nuna wa mutane. Akwai ranar da Yelwa ta tambaye ta ko ta yi wa Baba wani laifi ne, ta yi dariya ta ce mata kunya ce irin ta manya, in ta girma za ta gane. Yanzu ma da yarinyar ta kawo ruwa a tsakiyar darasi, ta tsaya a gefensa ta ƙi tafiya. Harisu ya daɗe yana kallon ta, leɓensa na motsi, sannan ya yi dariya ya ce Allah ya yi miki albarka, ke yarinya. Ta ɗauki kofin ta koma.

Ana saura kwana kaɗan Nagoggo ya gano dabara, kuma zai yi ta gorin ta har ya tsufa. Ya ce kuskuren da suke yi shi ne suna gaishe da Harisu. Bahaushe in ka gaishe shi ko a kan makara yake zai ce da sauƙi. Amma soja ba a gaishe shi, rahoto ake karɓa a wurinsa. Ya cire tabarau, ya turo ƙirji, ya daka tsawa: "Kofur, rahoto!"

Harisu ya miƙe zumbur, ya haɗa dugadugai, hannuwa a gefe.

"Kai yana ciwo, ranka ya daɗe. Barci babu. Ƙara ba na iya ji. Mantuwa akwai."

Gidan ya kaure. Zinariya ta ɗaure zani ta shiga taka rawa a tsakar gida, Nagoggo yana buga mata bokiti, matan maƙwabta suka sake leƙowa, wannan karon ba su ma tambaya ba. Aka maimaita rahoton har ya zauna daram. Ranar ta yanka zakara, ta ce ko ba a ba su kati ba tukuna ai sun ga ƙofarsa.

Da safiyar tafiya ta ɓoye masa kaftaninsa mai kyau, ta fito da wata koɗaɗɗiyar riga, don kada ya je wa likitoci yana ƙyalli. Mutumin da ke manta inda ya ajiye hularsa, ranar nan sai da ya binciko kaftanin a ƙarƙashin katifa. Ya sa aka goge shi da dutsen guga, ya goge takalmi, ya fesa turare, ya fito kamar ango. Ya ce ba zai tsaya gaban manyan hafsoshi da tsumma ba. Ta dube shi, haushi da sha'awa suka haɗe mata, ta toshe masa kunnuwa da auduga saboda ƙarar mota, suka kama hanyar tasha su uku.

A motar Daura Zinariya ba ta iya zama wuri ɗaya ba. Ta raba wa fasinjoji gyaɗa, ta gaya wa matar da ke kusa da ita duk tarihin fayil ɗin, ta riƙa juyowa kowane ɗan lokaci tana raɗa rahoto, Harisu yana amsawa daga kujerar baya cewa kai yana ciwo. Direba ya tambaya ko ya tsaya ne, Nagoggo ya ce ya ci gaba, atisaye ake yi.

Sai da suka shiga harabar asibitin da kwamitin ya ari ɗaki a ciki sannan jikinta ya ɗan yi sanyi. A kan benci akwai mai sanduna biyu, akwai wanda hannun rigarsa ke lilo babu komai a ciki, akwai wanda ɗansa ke jan sa. Harisu ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana sara musu. Da aka matsa masa wuri ya ƙi zama. Ya sunkuyo ya ce mata a hankali, ta dubi mutanen nan, shi me zai shiga ya ce? Ta ce ya ce abin da aka koya masa. Aka kira sunansa, aka ce mutum ɗaya ne zai raka shi, Nagoggo ya tsaya a baranda yana yi musu alama da babban yatsa.

Mutum uku ne a bayan tebur, maza biyu cikin kaki, a tsakiyarsu wata mace mai farin gilashi da aka ce ita ce Likita Fadila, shugabar zaman. Zinariya ta yi ta addu'a a ce mai tsawa ce. Ina. Baiwar Allah ta ɗago kai ta yi murmushi irin na 'yar mutunci, ta nuna musu kujera.

"Sannu da zuwa, Kofur. An sha hanya. Yaya jiki?"

"Lafiya lau, ranki ya daɗe. Alhamdulillahi."

Zinariya ta zaro masa ido. Ta yi tari. Ta sake tari, ta cusa rahoto a cikin tarin. Ɗaya daga cikin masu kakin ya miƙo mata ruwan leda, ya ce Hajiya a yi haƙuri a bar shi ya amsa da kansa.

Daga nan abin ya yi ta gangarawa. Aka tambaye shi yau wace rana, ya faɗa daidai, don ya ga motocin kasuwa a hanya. Likita ta ba shi wasu kalmomi ta ce ya riƙe mata, rago da madubi da gishiri, ta ɗan ja shi da hira, sannan ta ce ya dawo mata da su. Ya kamo rago. Sauran ya lalube su a iska bai samu ba, sai ya ce ranki ya daɗe ragon ne ya cinye su. Ya saki dariyar nan tasa, masu kaki suka kama, likita ma ta rufe baki da fayil. Zinariya kaɗai ce ba ta dariya, don ta ga katin yana tafiya yana ɗaga mata hannu. Na hannun dama ya ce wa abokinsa ai wannan garau yake, ya fi su nishaɗi.

Likita Fadila ta jawo takardar ƙarshe, ta cire murfin biro. Kamar mai sallama ta tambaye shi 'ya'ya nawa, ya ce ɗaya, mace.

"Allah ya raya. Yaya sunanta?"

Harisu ya buɗe baki. Leɓensa ya motsa. Hannunsa na dama ya ɗan taso daga gwiwa ya koma.

"'Yar fari ce, Likita," in ji Zinariya, tun kafin ta yi tunani.

"Af, yi haƙuri, Kofur," in ji likitar tana murmushi. "Ni ma babanmu har ya rasu bai taɓa kama sunan yayarmu ba."

Ta sunkuya za ta rubuta. Zinariya har ta ɗan gyara zama, don ko ba komai an ga mijinta mai kunya ne. Sai ta ji ƙarar kujera. Harisu ya miƙe, ya haɗa dugadugai, hannuwa a gefe, ba wanda ya daka masa tsawa. Fuskarsa babu dariya ko kaɗan, kuma ta manta rabon da ta gan ta haka.

"Rahoto, ranki ya daɗe. Ba kunya ba ce."

Biron ya tsaya.

"Ni na zaɓa mata sunan. Tun ranar da na farka a asibiti nake neman shi. Na san dogo ne, na san yadda yake zama a baki, in na dube ta har ya taso, sai babu. A gida kowa Yelwa yake cewa. Uwarta ba ta faɗa. Akwai ranar da na ji wata 'yar makarantarsu ta kira shi a waje, na riƙe, kafin in kai ƙofar ɗaki ya zube. Wa zan tambaya? In tambayi yarinya sunanta, ni ubanta? Da aka ce na yi kunya sai na karɓa, don ta fi sauƙin ɗauka." Ya sara. "Ƙarshen rahoto."

Zinariya ta ji kunyar da ba ta taɓa ji ba, ba irin wadda ake yabon mace da ita ba. Abin da take nuna wa mutane tana alfahari, ashe nan ne ciwon ya fi zurfi. Ta tuna yarinyar tsaye da kofi a gefensa, ta tuna dariyar da ta yi mata. Tausayinsa ya kama ta, da haushin kanta, ita da ta ɗauka ta san duk abin da aka dawo mata da shi. Sunan yana nan a bakinta, sabo fil, ba a taɓa amfani da shi ba. Ga baƙin maza biyu, ga likita, ga ƙofa a buɗe. Ta ji harshenta ya yi nauyi kamar taɓarya.

"Khairunnisa," in ji ta.

Harisu ya juyo gaba ɗaya, ya manta da tsayuwar soja.

"Sake faɗa."

"Khairunnisa, Baban Yelwa. Khairunnisa."

Ya ɗanɗana shi a hankali, gaɓa gaɓa, sannan ya ja shi ya rera kamar yadda yake yi a zaure. Mai kakin da ya ce garau yake ya sunkuyar da kai yana gyara takardun da ba su buƙatar gyara. Likita Fadila ta ajiye takardar da ta jawo, ta ɗauko wata sabuwa, ta ce za su fara daga farko, kuma wannan karon ba za ta gaishe shi ba. Ta tambaye shi, ta tambayi Zinariya, ta ji labarin igiyar akuya da injin markaɗe da bargon taga. Ta haska masa ido, ta sa shi tafiya a kan layin siminti. An daɗe. A ƙarshe ta dubi na damanta da na hagunta, suka gyaɗa kai, ta ce kwamiti zai rubuta cewa akwai rauni a ƙwaƙwalwa wanda ya samu a bakin aiki, za a tura shi hoton kai, katin magani kuma zai fito.

Zinariya ta riƙe guɗar har baranda, a nan ta ƙwace mata. Wata ma'aikaciya ta leƙo ta ce nan asibiti ne. Nagoggo bai jira bayani ba, ya rungume Harisu ya ɗaga shi sama yana cewa dabararsa ce, a rubuta a tarihi. Harisu bai tanka masa ba, don bakinsa yana da aiki. Tun daga ƙofar asibiti har tasha, daga tasha har suka fita Daura, sunan yake maimaitawa, wani lokaci a hankali, wani lokaci da waƙa. Wani dattijo a motar ya zaci haihuwa aka yi musu, ya ce Allah ya raya Khairunnisa. Zinariya ta ce amin da ƙarfi, tana dariya hawaye na zuba, ta sake raba sauran gyaɗar. Nagoggo, da ya fahimci abin da ya faru a ɗakin, ya ajiye tsokana gefe, abin da ba a taɓa gani ba. Daga baya shi ma ya shiga amshi.

Rana ta yi sanyi lokacin da suka sauka a Babban Mutum. Harisu yana gaba yana sauri, yana riƙe da sunan a baki kamar mai ɗauke da ƙwarya cike da nono. Sun kusa ƙofar gida sai ga wani maƙwabci a kan keke, ya tsaya ya ce Kofur an dawo, yaya jiki.

"Lafiya lau," in ji Harisu. "Alhamdulillahi."

Mai keke ya wuce. Harisu ya shiga zaure, ya buɗe baki, ya tsaya. Hannunsa ya tashi yana lalube a iska. Zinariya ta ga dariyar nan tana tahowa a fuskarsa, ta riga ta. Ba ta raɗa ba. Ta faɗi sunan da muryar da matan maƙwabta za su ji ta kan katanga, su kuma kwana suna maganar ta, ta ce in ya sake zubewa gobe ya tambaye ta, tana nan.

Harisu ya ja numfashi ya kwaɗa shi cikin gidan, yana ja yana rerawa.

Daga ciki aka ji guga ya faɗa rijiya.

"Na'am, Baba," in ji Khairunnisa, ta taho da gudu ba takalmi.